Ranar Da Inuwa Take Ɓuya: Layukan Rana Da Daminarmu

Akwai wani abu da ke faruwa sau biyu a kowace shekara a Yankwashi da Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, amma mutane kaɗan ne suke lura da shi. Wajen ranar 24 ga Afrilu, da rana tsaka, idan ka kafa sanda a miƙe a fili za ka ga ba ta da inuwa. Inuwar ta shige ƙarƙashinta. Idan ka leƙa rijiya a wannan lokaci za ka ga hasken rana ya sauka har kan ruwa. Haka zai sake faruwa wajen 19 ga Agusta, in dai gajimare bai rufe sama ba.

Mutumin Landan ko na Alƙahira bai taɓa ganin wannan a garinsu ba, kuma ba zai gani ba. Mu muna gani ne domin muna zaune a tsakanin waɗansu layuka biyu da masana labarin ƙasa suka zana a taswirar duniya. A wannan fitowa za mu yi bayanin waɗannan layuka, da yadda suka shafi lokacin shuka, da irin da ya kamata mu shuka, da yadda muke gina ɗakunanmu. Magana ce ta makaranta, amma amfaninta yana gona.

Layukan da ba a gani da ido

Duniya a dunƙule take kamar lemo. Domin a iya faɗin inda kowane gari yake, masana sun zana layuka a kan taswira. Waɗansu sun tashi daga arewa zuwa kudu, waɗansu kuma sun kewaye duniya daga gabas zuwa yamma kamar ɗamara. Waɗannan na biyun su ake kira layukan kwance, ko latitud. Ba za ka tarar da su a ƙasa kamar iyakar gona ba, lissafi ne kawai. Amma lissafin ya dogara ne a kan tafiyar rana, wadda kowa yake gani.

Layin da ke tsakiya, wanda ya raba duniya gida biyu daidai, sunansa Ikwaita. Daga kansa ake fara ƙirga, shi ne digiri 0. Ƙuryar arewa ta duniya digiri 90 ce, haka ma ƙuryar kudu. Kowace digiri ɗaya tafiyar kilomita 111 ce, ko kusa da haka. A Afirka, Ikwaita ya ratsa ta Gabon da Kwango biyu da Yuganda da Kenya da Somaliya.

A arewa da Ikwaita, a digiri 23 da kusan rabi, akwai layin da Turawa ke kira Kansa. Kada sunan ya ruɗe ku da cutar daji. Kalmar Latin ce mai nufin ƙaguwa, kuma sunan wani rukunin taurari ne, wanda malamanmu suka sani da Saraɗan. Mu kira shi Layin Ƙaguwa. Ya bi ta Muritaniya da arewacin Mali da kudancin Aljeriya, ya ɗan taɓa ƙuryar arewa ta Jamhuriyar Nijar, ya wuce Libiya da Masar, ya ƙetare Bahar Maliya ya ratsa Saudiyya, sannan Indiya da Sin da Meziko.

A kudu kuma, a digiri 23 da kusan rabi, akwai takwaransa da ake kira Kafirikon, wanda Larabawa ke ce wa Jadyu. Mu kira shi Layin Bunsuru. Ya bi ta Namibiya da Botsuwana da Afirka ta Kudu da Mozambik da Madagaska, sannan Ostareliya da Barazil.

Ƙasashen da ke tsakanin Layin Ƙaguwa da Layin Bunsuru su ne ake kira yankin zafi. Yankin ya ɗauki wajen kashi 40 cikin 100 na faɗin duniya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 na mutanen duniya a cikinsa suke zaune. Nijeriya gaba ɗayanta tana ciki. A shekarar 2016 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 29 ga Yuni ta kowace shekara domin tunawa da wannan yanki da matsalolinsa.

Ina muke a tsakaninsu?

Yankwashi da maƙwabtanta suna tsakanin digiri 12 da rabi da digiri 13 a arewa da Ikwaita. Wato daga nan zuwa Ikwaita wajen kilomita 1,400 ne, zuwa Layin Ƙaguwa kuwa wajen kilomita 1,200. Kun ga kusan a tsakiya muke, mun ɗan fi kusa da na arewa.

Ga waɗansu garuruwa da muka sani domin kwatantawa: Legas tana digiri 6 da rabi, Abuja 9, Zariya 11, Kano 12, Daura 13, Maraɗi 13 da rabi, Damagaram kusan 14, Agadas 17. Makka tana digiri 21 da ɗan ɗoriya, Madina kuma 24 da rabi. Ashe ke nan duk alhajin da ya tashi daga Makka zuwa Madina ya tsallake Layin Ƙaguwa a hanya ba tare da ya sani ba. Urushalima, wato birnin Ƙudus, tana kusan digiri 32, can wajen yankin zafi, saboda haka rana ba ta taɓa tsayawa daidai tsakar ka a can ba.

Me ya sa aka zana su a nan?

Ba son rai ne ya sa aka zaɓi digiri 23 da rabi ba. Duniya tana juyawa a kan kanta sau ɗaya cikin awa 24, shi ke kawo dare da rana. Tana kuma kewaya rana sau ɗaya cikin kwana 365 da kwata, shi ne shekara. Amma ba a miƙe take wannan tafiya ba. A karkace take, kuma girman karkatar shi ne digiri 23 da kusan rabi.

Za ku iya nuna wa yara wannan da dare. A soke lemo da tsinke ya fita ta ɗaya gefen. A zana layi a tsakiyarsa. A ajiye fitila a tsakiyar ɗaki a matsayin rana. A riƙe lemon a ɗan karkace, a zaga fitilar da shi, amma kan tsinken ya riƙa kallon kusurwa ɗaya ta ɗakin duk inda aka je. Za a ga a wani gefen rabin sama na lemon ne ya fi shan haske, a ɗaya gefen kuma rabin ƙasa.

Saboda wannan karkata, wurin da rana ke tsayawa daidai tsakar ka yana tafiya a hankali cikin shekara. Wajen 21 ga Maris tana kan Ikwaita. Daga nan sai ta yo arewa: Legas wajen 6 ga Afrilu, Kano wajen 21, mu nan wajen 24, Agadas wajen 8 ga Mayu, Makka 27 ko 28 ga Mayu. Wajen 21 ga Yuni ta kai Layin Ƙaguwa, sai ta juyo. Ta sake bi ta kan Makka 15 ko 16 ga Yuli, ta kanmu wajen 19 ga Agusta, ta kan Ikwaita wajen 23 ga Satumba. Wajen 21 ga Disamba ta kai Layin Bunsuru, sai ta sake juyowa. Layukan nan biyu su ne iyakar tafiyarta, ba ta wuce su.

Waɗansu suna zaton zafin bazara yana zuwa ne domin duniya ta matsa kusa da rana. Ba haka ba ne. Duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, wajen kilomita miliyan 147, lokacin da muke rawar ɗari. Ta fi nisa da ita a farkon Yuli, wajen miliyan 152. Abin da ke kawo bambanci shi ne ko hasken yana saukowa a tsaye ko a kaikaice. Hasken da ya sauko a tsaye yana taruwa a ƙaramin wuri, ya yi zafi. Wanda ya zo a kaikaice yana bazuwa, ƙarfinsa ya ragu.

Mutanen da sun san wannan tun da daɗewa. Wajen shekara 240 kafin haihuwar Almasihu, wani masani mai suna Eratostenis da ke zaune a Iskandariya ta Masar ya ji cewa a garin Aswan, kusa da Layin Ƙaguwa, rana tana haska ƙasan rijiya a ranar da ta kai iyakarta ta arewa. Ya auna inuwa a Iskandariya a irin wannan rana, ya ga ta karkace da digiri 7 da ɗan kaɗan. Da wannan da nisan garuruwan biyu ya lissafa kewayen duniya, kuma bai yi nisa da gaskiya ba, wato kilomita 40,000. Wajen shekarar 830 kuma Halifa Ma'amun na Bagadaza ya aiki masanansa suka auna tsawon digiri ɗaya a fili. Sanda da inuwa da igiyar awo ne yawancin kayan aikinsu.

Damina tana bin rana a baya

Ga inda maganar ta shafi tukunyarmu. Inda rana take tsakar ka, ƙasa tana yin zafi ƙwarai, iska mai zafi ta tashi sama, sai iskar da ke kewaye ta kwararo domin ta cike gurbin. A Afirka ta Yamma iska biyu ce ke haɗuwa a wannan wuri. Ɗaya tana zuwa daga kudu maso yamma, daga Tekun Atilantika, ɗauke da laima. Ɗaya kuma tana zuwa daga arewa maso gabas, daga Sahara, busasshiya mai ƙura. Mahaɗar iskokin nan biyu tana bin rana, ta yi arewa in rana ta yi arewa, ta koma kudu in ta koma.

Amma ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da rana. Tana biye da ita ne a baya da makonni da yawa. Kuma ruwa mai ƙarfi ba ya sauka daidai bakin mahaɗar, sai can bayanta da ɗaruruwan kilomita, inda iska mai laima ta yi kauri sosai. Shi ya sa rana ke wucewa ta kanmu a ƙarshen Afrilu, amma damina ba ta kankama sai a Yuni. Shi ya sa kuma damina ke hawowa mataki-mataki: Fatakwal a Maris, Abuja a Afrilu, Zariya a Mayu, mu a Yuni, Agadas sai Yuli. Mahaɗar takan kai iyakarta ta arewa a Agusta, wajen digiri 20, a lokacin ne muke tsakiyar marka. Da ta juya, ruwa yakan ɗauke mana wajen ƙarshen Satumba.

Wani zai ce, to ai mu hadari daga gabas yake taso mana, ina maganar kudu maso yamma? Gaskiya ne. Laimar ce ke zuwa daga teku ta ƙasa-ƙasa. Can sama kuwa akwai wata iska mai ƙarfi da ke tafiya daga gabas zuwa yamma, ita ce ke tura hadarin bayan ya haɗu. Dukansu biyu gaskiya ne.

Yawan ruwan ma yana bin layukan kwance. Fatakwal tana samun fiye da milimita 2,000 a shekara. Kano takan sami 800 zuwa 900. Mu nan yawanci tsakanin 600 da 800. Damagaram 400 zuwa 500. Agadas ba ya kai 200. Bilma kuwa ko 25 da wuya ya kai. Duk tafiyar kwana ɗaya da ka yi arewa, damina na gajarcewa.

Iskar da ta tashi sama ta zubar da ruwanta ba ta ɓacewa. Tana tafiya can sama, ta je ta sauko a busashe a wajen Layin Ƙaguwa da Layin Bunsuru. Iskar da ke saukowa ba ta haɗa hadari. Wannan ne dalilin da ya sa manyan hamadun duniya suka jeru a kan layukan nan biyu: Sahara da hamadar Larabawa a arewa, Kalahari da Namib da tsakiyar Ostareliya a kudu. Idan rana ta tafi Layin Bunsuru a Disamba, mahaɗar iska ta koma bakin teku, sai busasshiyar iskar Sahara ta mamaye mu. Ita ce hunturu. Yawancin ƙurar da take ɗauko mana daga wani busasshen kwari take tasowa, mai suna Bodele, a ƙasar Cadi.

Haka kuma za mu gane abin da ya sa ranakun rashin inuwa guda biyu ba su yi kama da juna ba. A Afrilu ƙasa a bushe take, sama babu gajimare, zafi ya kan wuce digiri 40 a ma'aunin zafi. A Agusta rana tana wuri ɗaya da na Afrilu, amma gajimare ya tare ta, ƙasa mai laima kuma ta sha zafin.

Sai dai a lura, layin kwance ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Jos ta fi mu kusa da Ikwaita, amma ta fi mu sanyi domin tana kan tudu mai tsawon mita 1,200 ko fiye. Dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya digiri 3 ne kacal tsakaninsa da Ikwaita, amma akwai ƙanƙara a ƙololuwarsa.

Rana ba ta saɓa alkawari, ruwa yakan saɓa

Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Ranar biki ake nufi, amma maganar ta dace da ranar sama ma. Tafiyarta tsakanin layukan nan ba ta canzawa. Shi ya sa manoman da ba su dogara da watannin Musulunci wajen lissafin shuka ba, domin su suna ja baya da kwana 11 kowace shekara. Sun dogara ne da taurari 28, kowanne kwana 13, irin su Nasara da Ɗarfa da Jabaha, domin wannan lissafi yana tafiya tare da rana.

Ruwa kuwa ba shi da irin wannan tabbas. Mahaɗar iska wata shekara ta zo da wuri, wata ta makara. Wata shekara ta hau arewa sosai, wata ta tsaya a hanya. Ɗumin ruwan teku, musamman Atilantika, yana da hannu a cikin wannan. A shekarun yunwar Kakalaba, 1913 zuwa 1914, da farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, rana ta wuce ta kanmu a ranakun da ta saba. Ruwa ne bai biyo ta da ƙarfi ba. Daga shekarun 1990 zuwa yau ruwan ya ɗan dawo, amma ya fi zuwa da ƙarfi a lokaci ɗaya, kamar yadda ambaliyar 2020 da 2022 da 2024 ta nuna a sassa da yawa na Jihar Jigawa.

Da yake mun fi kusa da bakin inda damina ke ƙarewa, ƙaramin canji a tafiyar mahaɗar iska babba ne a wurinmu. Mutumin Makurɗi in ya rasa mako uku na ruwa, har yanzu yana da wata biyar. Mu da daminarmu ba ta wuce wata uku da rabi zuwa huɗu ba, mako uku shi ne bambancin cikakken rumbu da rabin rumbu.

Akwai masu cewa hamada tana matsowa ne domin Layin Ƙaguwa ya gusa. Gaskiya ne layin yana gusawa, domin karkatar duniya tana ɗan canzawa tsakanin digiri 22 da 24 da rabi cikin shekara 41,000. A yanzu yana matsowa kudu da wajen mita 15 a shekara. Kafin ya yi kilomita ɗaya sai an shekara sittin da wani abu. Ba shi ne ke cinye gonakinmu ba. Sare itatuwa da barin ƙasa tsirara sun fi shi sauri nesa ba kusa ba, kuma su ne muke da ikon gyarawa.

Dawa ta san layinta

A kan Ikwaita dare da yini kusan daidai suke duk shekara. Da ka yi nisa da shi sai bambanci ya fara fitowa. A Landan yinin Yuni ya haura awa 16 da rabi, na Disamba bai kai awa 8 ba. A Yankwashi yini mafi tsawo, a Yuni, wajen awa 12 da minti 50 ne. Mafi gajarta, a Disamba, wajen awa 11 da minti 25. Bambancin awa ɗaya da rabi ne kawai. Mu ba mu cika damuwa da shi ba, amma shuka tana ji.

Dawar gida irin su farfara da kaura, da maiwa, da waken gida mai yaɗo, ba sa ƙirga kwanaki daga ranar shuka kaɗai. Suna jiran yini ya gajarce zuwa wani ma'auni kafin su yi ciki su fid da kai. Binciken da aka yi a Samaru ta Zariya a shekarun 1960 ya nuna cewa dawar kowane yanki a Nijeriya tana fid da kai ne daidai lokacin da damina ta saba ƙarewa a wannan yanki. Kakanninmu ne suka yi ta zaɓen iri shekara da shekaru har ya dace da layin da suke zaune.

Wannan yana da muhimmanci ga duk wanda ke sayen iri a kasuwa, da duk ƙungiyar da ke rabon iri bayan fari ko ambaliya. A ce an kawo dawa mai kyan ido daga kudancin Kaduna, inda ruwa ke kaiwa ƙarshen Oktoba, aka shuka ta a Gwiwa. Za ta yi tsawo, ta yi ganye shar, kowa ya yaba. Amma za ta jira lokacin garinsu kafin ta fid da kai, a lokacin kuwa ƙasarmu ta bushe. Sai a girbe kara, ba hatsi. Haka in aka kai tamu kudu, za ta nuna ana tsakiyar ruwa, ta yi fumfuna, tsuntsaye su gama da ita.

Iri yana iya tafiya gabas ko yamma a kan layi ɗaya ba tare da matsala sosai ba. Irin Babura zai yi a Roni, na Daura ko Katsina ma bai yi nisa ba. Tafiya daga kudu zuwa arewa ita ce mai haɗari. Akwai kuma ingantattun iri masu saurin nuna waɗanda tsawon yini bai cika damunsu ba, kamar geron SOSAT da manoman Jigawa suka sani. Kafin a karɓi baƙon iri a tambayi malamin gona na JARDA, a kuma gwada shi a ɗan kusurwar gona shekara ɗaya tukuna.

Abin da za mu iya yi da wannan sani

1. Kada ruwan farko ya ruɗe mu. Yayyafin ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu sau da yawa alama ce kawai cewa bakin mahaɗar iska ya iso, ruwan gaske yana baya. Masu bincike na ICRISAT a Sadore kusa da Yamai suna ɗaukar damina ta fara ne in an sami milimita 20 cikin kwana 3, kuma ba a yi fiye da kwana 7 a jere babu ruwa a watan da ya biyo baya ba. Mai yin binne ya ajiye rabin irinsa saboda ko za a sake shuka.

2. A saurari hasashen da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, wanda ke faɗin lokacin da ake sa ran farawa da ƙarewar ruwa a kowace ƙaramar hukuma.

3. Wajen gini, a sa dogayen bangaye su kalli kudu da arewa. Bangon gabas da na yamma su ne ke shan ranar safe da ta la'asar, su a gajarta su, a dasa itace kusa da na yamma. Bangon gabas kuma shi hadari ke duka, a ƙara masa yaɓe.

4. Farantin sola na famfo ko na asibiti a sa ya kalli kudu, a ɗan karkace shi da digiri 13 zuwa 15, domin wata takwas cikin shekara rana tana kudu da mu. A riƙa share masa ƙura da hunturu.

5. Gadon renon itatuwa ko na kayan lambu da rani, a yi masa rumfa a sama da ɓangaren kudu da yamma.

6. Cututtuka ma suna bin wannan kalanda. Sanƙarau ya fi tashi daga hunturu zuwa bazara, kamar annobar 1996 da ta hallaka mutum fiye da 11,000 a arewacin Nijeriya. Zazzaɓin cizon sauro kuwa daga marka zuwa kaka. A yi rigakafi a rataya gidan sauro kafin lokacin, ba bayan ya zo ba.

Ku gwada da kanku

Malaman firamare da na ajin yaƙi da jahilci za su iya yin wannan ba tare da kashe ko sisi ba. A sami fili mai laushi wanda ba ya da gangara. A kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a miƙe, a gwada miƙewarta da zare mai dutse a baki. Rana tsaka ta gaskiya a nan ba ƙarfe 12 daidai ba ce. Takan faɗo tsakanin 12 da minti 10 da 12 da minti 40, gwargwadon wata. Lokacin da inuwa ta fi gajarta shi ne ita.

A auna inuwar sau ɗaya a mako, a rubuta tsawonta da inda ta fuskanta. Wajen 21 ga Disamba za a sami santimita 73, tana kallon arewa. Wajen 21 ga Maris santimita 23. Wajen 24 ga Afrilu, da ƙarfe 12 da minti 25, babu. Daga nan inuwa ta koma kallon kudu, ta kai santimita 19 a 21 ga Yuni, ta sake ɓacewa wajen 19 ga Agusta, sannan ta koma arewa. A gefen wannan a riƙa rubuta ranar ruwan farko, da ranar da aka yi shukar da ta tsaya, da ranar ruwan ƙarshe. Bayan shekara biyar ƙauyenku zai mallaki littafin da ya fi kowane zato amfani.

Tambayoyi don tattaunawa a ƙungiya

A shekaru biyar da suka wuce, sau nawa muka sake shuka saboda ruwan farko ya yaudare mu, kuma iri nawa muka yi asara?

Waɗanne irin dawa da gero da wake ne iyayenmu suka bar mana, kuma wa ke ajiye da su har yanzu?

In aka yi fari ko ambaliya muka rasa iri, daga wane gari za mu nemo wanda ya dace da layinmu? Za mu iya kafa rumbun iri na gari tun kafin a shiga wannan hali?

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu ga kaka lafiya.